Girkin Minti Goma: Yadda Maikirowef Ta Raba Ni da Bashin Mai Shayi

Waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau ba siyasa za mu yi ba, ba kuma maganar neman aiki ba. Yau maganar ciki za mu yi, don Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Zan yi magana ne a kan na'urar nan ta ɗumama abinci, maikirowef, wadda da yawanmu muke gani a ofis ko a gidan yayye ko a ɗakin amarya, an lulluɓe ta da kyalle mai ado, aikinta ɗaya tal: ɗumame. Abin da nake so in nuna muku shi ne na'urar nan tana girki, girki na gaske, da kayan da ke kasuwar unguwarku. Amma sai ka san yadda take aiki. In ba ka sani ba, ko dai ta ɓata maka abinci, ko kai ka ɓata wa kanka ciki.

Bari in fara da labarina.

Lokacin da na tafi bautar ƙasa, alawi naira 33,000 ne. Ni kuwa na tashi a gidan da namiji ba ya shiga kicin sai shan ruwa. Ko ƙwai ban iya soyawa ba, wallahi. Da safe wajen mai shayi, da rana wajen mai abinci, da dare a koma wajen mai shayi a ci indomi. Kafin 20 ga wata aljihu ya yi fayau, sai in fara cewa "Malam, rubuta." Har ta kai ina canza hanya in na hango teburinsa. Mutum da digirinsa yana laɓe-laɓe saboda kuɗin biredi da ƙwai.

A gidan da muke haya akwai wata tsohuwar maikirowef da wani ɗan bautar ƙasa da ya gabace mu ya bari. Babu mai taɓa ta. Ran nan yunwa ta kai ni bango, na ɗauki ƙwai biyu da ɓawonsu na jefa ciki na murɗa. Ba a yi minti biyu ba sai ji na yi tau! kamar an fasa taya. Rabin awa na yi ina kankare ƙwai a bangon na'urar. Da na kira Umma na ba ta labari, dariya ta yi har da tari, ta ce, "Kai da ko ruwan zafi ba ka taɓa ɗorawa ba, da injin Turawa za ka fara?" Na ce, "Umma, ai da shi zan rama." Daga ranar na zauna na karanci abin, na yi ta gwaji ina ɓatawa ina gyarawa. Abin da na koya ne zan juye muku yau.

YADDA TAKE AIKI

Asalin na'urar daga Amurka ne. A shekarar 1945 wani injiniya mai suna Percy Spencer, wanda ke aiki a kamfanin Raytheon wajen haɗa na'urorin hangen jiragen yaƙi, ya lura cewa alewar da ke aljihunsa ta narke yayin da yake tsaye kusa da wani bututu da ake kira magnetiron. Sai ya gwada da ƙwayar masara, ta fashe ta zama gugguru. Da aka gwada ƙwai, shi ma fashewa ya yi, kun ga ke nan ba ni na fara ba. Ta farko da aka fitar kasuwa a 1947 tsayinta ya kusa mita 2, nauyinta ya haura kilo 300. Sai a 1967 aka fitar da ƙarama wadda za a ɗora kan tebur a gida. Shi Spencer ɗin nan ko makarantar firamare bai ƙarasa ba, da kansa ya koyar da kansa.

To me ke faruwa a ciki? Wannan magnetiron yana fitar da igiyoyin lantarki irin dangin na rediyo, masu kaɗawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa ɗaya. In suka shiga abinci, sai su riƙa juya ƙananan ƙwayoyin ruwan da ke cikinsa gaba da baya da wannan saurin, wannan motsin ne ke zama zafi. Wato ba wuta ce ke dafa abincin daga waje ba, ruwan da ke jikin abincin ne ke zafafa ya dafa shi.

In ka riƙe wannan, ka gane komai. Shi ya sa dankali, ganye, kifi da ƙwai suke dahuwa da wuri, don cike suke da ruwa. Shi ya sa busasshen abu yake ƙonewa ko ya ƙandare. Shi ya sa ƙwai da ɓawonsa yake fashewa, tururi ne ya taru ya rasa hanyar fita. Shi ya sa kuma ba za ka taɓa samun ƙanzo ko soyayyen ɓawo ba, maikirowef turara abinci take yi, ba ta suya.

Abu na biyu, igiyoyin ba sa ratsa abinci har can tsakiya. Iyakarsu santimita biyu zuwa uku daga waje, sauran zafin a hankali yake tafiya ciki da kansa. Kuma ba ko'ina suke bugawa daidai ba, akwai inda suka fi ƙarfi, akwai inda suka yi rauni. Dalilin da ya sa faifan ciki yake juyawa ke nan. Dalilin kuma da ya sa za ka ɗumama shinkafa, gefe ya ƙona maka harshe, tsakiya kuwa sanyi ƙalau kamar ruwan randa.

Sai maganar tsoro, don na san wani zai ce, "Ai an ce tana kawo kansa." Igiyoyin maikirowef ba irin na hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti ba ne. Ba su da ƙarfin da za su sauya ƙwayar halitta, kuma ba sa zama a cikin abinci. Kana kashe ta sun ɗauke, kamar yadda haske ke ɗaukewa in ka kashe ƙwan lantarki. Ragar ƙarfen nan mai ƙananan huji da ke jikin gilashin ƙofa, ita ke tare su kada su fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa na'urar ba ta da hatsari in an bi ƙa'idar amfani da ita kuma ƙofarta lafiya lau take. Ta fuskar gina jiki ma, ganyen da aka turara na ɗan lokaci da ruwa kaɗan ya fi riƙe sinadarin bitamin C a kan wanda aka tafasa aka tsiyaye ruwan aka zubar.

ƘA'IDOJI HUƊU

Na farko, rufe abinci, amma ka bar wa tururi hanya. Faranti ko sosar kofi ta isa. Rufin ne ke tara tururi ya dafa abincin ko'ina, ya kuma hana shi bushewa. Kada dai ka rufe ruf da murfi mai kamawa.

Na biyu, tsaya ka juya. Kada ka sa minti shida ka tafi kallon waya. Sa biyu, buɗe, gauraya, sake sa biyu. Ka yanka abu daidai wa daida, ka baza shi a faranti, masu kauri a gefe, sirara a tsakiya.

Na uku, in ta yi ƙara ta tsaya, girki bai ƙare ba. Bar abincin a rufe minti biyu ko uku, zafin ya ƙarasa shiga tsakiya. Yawancin masu cewa maikirowef ba ta dafa abu ya nuna, wannan jiran ne ba sa yi.

Na huɗu, yawan abinci yana ƙara lokaci. A tukunya, dankali ɗaya da dankali huɗu kusan lokaci guda suke nuna. A nan ba haka ba ne, in ka ninka abinci sai ka kusa ninka lokaci. Saboda haka na'urar mutum ɗaya ce ko biyu. Gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, a bar wa tukunya aikinta.

Lokutan da zan faɗa a ƙasa na maikirowef mai ƙarfin wat 700 zuwa 800 ne, irin wadda ta fi yawa a kasuwa. Duba bayan taka, akwai takarda a manne. In ta fi haka ƙarfi, rage lokaci. Kullum ka fara da kaɗan, don ɗanye ana iya mayar da shi, ƙonanne kuwa sai shara.

DA WANE KWANO?

Nan ne mu Hausawa muka fi shiga matsala, don yawancin kwanukanmu ƙarfe ne. Kwanon silba, samira, langa, kular abinci, cokali mai yatsu, takardar foyil, duk ba sa shiga. Samira ma da kuke gani da fenti da furanni, ƙarfe ce a ciki. Ƙarfe yana mayar da igiyoyin baya, abinci ba zai dahu ba, bakinsa kuma yana iya tartsatsin wuta. Tangaran mai zanen ruwan zinari a baki shi ma haka.

Abin da ya dace shi ne tangaran marar ado da kwanon gilashi mai jure zafi. In kana shakka, ga gwaji: sa kwanon babu komai a ciki, ka ajiye kofin ruwa a gefensa, ka kunna minti ɗaya. In ruwan ya yi zafi kwanon bai yi ba, ya yi. In kwanon ne ya ɗau zafi, ajiye shi.

Leda kuwa, da farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abincin sayarwa, da robar man shafawa ko ta bota da muke mayarwa mazubi, don Allah a'a. Suna narkewa, musamman in abincin mai maiƙo ne, sinadaran jikinsu su shiga abin da za ka ci. Roba sai wadda aka rubuta a jikinta cewa an yi ta don maikirowef.

TO, MU SHIGA GIRKI

1. Dankalin Hausa da ƙwai

Wannan shi ya fara raba ni da teburin mai shayi. Samu dankalin Hausa madaidaici, wanke shi tas, kada ka fere. Soke shi da cokali mai yatsu wuri shida ko bakwai don tururi ya samu hanya. Ɗora a faranti, minti uku, juya shi, ƙara minti uku. Soka wuƙa, in ta shige ba gardama ya yi. Bar shi ya huta. Dankalin Turawa ma haka ake masa.

Kafin ya huce, fasa ƙwai biyu a babban kofin tangaran, yanka albasa da tumatir da ɗan attaruhu ƙanana, zuba ƙaramin cokali na man gyaɗa, ɗan gishiri, ka kaɗa sosai. Daƙiƙa 40, fito da shi ka juya, sake 30, juya, in da saura ƙara 20. Cire shi tun yana da ɗan sheƙi a sama, zai ƙarasa da kansa. In ka jira ya bushe a ciki, roba za ka tauna. Tsaga dankalin, zuba ƙwan a kai, barbaɗa yaji. Duka-duka minti goma, kuma zai riƙe ka har azahar.

2. Alale a kofi

Garin wake yanzu ana samunsa a shaguna, ko ka sayi wake a surfa a shanya a kai inji, ka ajiye a roba mai murfi. Ɗebi rabin kofi, dama da ruwan ɗumi kusan kofi ɗaya har ya yi kaurin kunu, ka bar shi minti goma ya jiƙa. Wannan jiƙon kada ka tsallake shi, shi ke hana alalen gari-gari. Sa jajjagen albasa da attaruhu, manja ko man gyaɗa cokali biyu, dunƙule ɗaya, gishiri. In da busasshen kifi, marmasa a ciki. Shafa mai a kofunan tangaran biyu, zuba rabi-rabi, kada ka cika don yana tasowa. Rufe da sosa.

Ga sirrin: kada ka sa a cikakken ƙarfi. Mayar da ita matsakaici, minti huɗu zuwa biyar kowane kofi. Soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ya nuna. In da saura ƙara minti ɗaya. Matsakaicin ƙarfi ba wani abu ba ne illa na'urar tana kunnuwa tana ɗaukewa, don zafi ya samu damar shiga tsakiya kafin gefe ya ƙandare. Kuma 'yan uwa mata, gwangwanin madara da aka saba yin alale a ciki, nan ba wurinsa ba ne. Ƙulli a leda ma haka.

3. Kwaɗon ganye

Alayyahu ko kabeji ko zogale, wanda ka samu. Gyara, wanke da ruwan gishiri, yanka. Zuba a kwanon gilashi da ruwan da ya rage a jikinsa, in kabeji ne ƙara cokali biyu na ruwa. Rufe. Alayyahu minti biyu ya ishe shi, kabeji uku zuwa huɗu. Zogale ya fi su tauri da ɗaci, shi ka sa masa ruwa rabin kofi, ka ba shi minti biyar zuwa shida, ka matse. Sai garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, yaji, ɗan man gyaɗa. Mu matasa mun mayar da ganye abincin tsofaffi da marasa lafiya, alhali shi ne mafi arha a kasuwa kuma jiki yana nemansa.

4. Miyar gaggawa da kuskus

Yanka albasa a kwano mai zurfi, zuba mai cokali biyu, rufe, minti biyu. Zuba jajjagen tumatir uku da tattasai da attaruhu, dunƙule, gishiri, ɗan kori in kana so. Minti shida, kana juyawa duk bayan minti biyu, ka bar gefen murfin a ɗage don ruwan ya ƙone, tsamin ya fita. A ƙarshe juye kifin gwangwani a ciki, ƙara minti ɗaya. Kifin za ka juye fa, ba gwangwanin za ka sa ba. In ka buɗe, kawar da fuskarka, tururin attaruhu yana shaƙe mutum.

Kuskus kuwa shi ne abokin mai sauri. Kofi ɗaya na kuskus, kofi ɗaya na ruwa, ɗan mai da gishiri, minti biyu zuwa uku, ka bar shi a rufe minti biyar, ka wargaza da cokali mai yatsu. Shi ke nan.

5. Koko

Dama gasara ko kamu da ruwan sanyi a babban kofi, ya ɗan fi yadda ake damawa ruwa-ruwa. Minti ɗaya, juya. Minti ɗaya, juya. Daga nan daƙiƙa talatin-talatin har ya yi kauri ya canza launi. Ba gudaji, ba tukunyar wankewa. Da azumi, lokacin sahur, za ka yi min addu'a.

Sai shinkafa. Gaskiya zan faɗa muku, tana dahuwa, amma ba ta fi risho ko gas sauri ba. Kofi ɗaya na shinkafa, ruwa kofi biyu da rabi, a babban kwano don tana tafasowa, minti goma a cikakken ƙarfi, sha biyar a matsakaici, biyar na hutu. Rabin awa ke nan. Ribarta ɗaya, ba ta kamawa a ƙasa. Wake ɗanye, ganda, naman kai, tuwo mai yawa, duk waɗannan ba aikinta ba ne. Kada ka wahalar da kanka da mitarka.

INDA HATSARIN YAKE

Yanzu ku ba ni hankalinku, don wannan ne ya kwantar da ni kwana biyu.

Wata rana na dafa shinkafa da rana, na ci, na bar sauran a tukunya a ɗaki, lokacin zafi ne. Washegari da safe na shinshina, ba ta yi wari ba. Na sa a maikirowef ta yi zafi har tana tururi, na ce ai zafi ya kashe komai. Ba a yi awa uku ba na fara amai kamar zan fitar da hanjina. Laifin ba na na'ura ba ne, nawa ne.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, wadda ke zama a jikin ɗanyar shinkafa, kuma dahuwa ba ta kashe irinta. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye a ɗumin ɗaki, sai ta farfaɗo ta hayayyafa ta saki guba. Ita gubar kuwa zafi ba ya lalata ta. Ka ɗumama sau goma, tana nan. Taliya ma haka take. Kuma ba lallai abincin ya yi wari ko yauƙi ba.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a nan a fili take: kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga firji ƙasa da digiri 5. In za a ɗumama, ya yi zafi sosai ko'ina har tsakiya, ba ɗumi-ɗumi ba. Mu da wuta ke zuwa ta ɗauke, sai mu ƙara da namu lissafin: firjin da aka ɗauke wa wuta, in ba a buɗe shi ba, kimanin awa huɗu yake riƙe sanyin da zai kare abinci. In ya kwana babu wuta, kada ka yarda da shinkafar da ke ciki don kawai kana da maikirowef.

A nan ne ma na ga babban amfanin na'urar. Tunda girkin minti goma ne, dafa daidai cikinka, ka cinye, gobe ka sake. Ba sai ka tara abincin kwana uku kana caca da lafiyarka ba.

Sauran abubuwan kiyayewa a taƙaice. Nama da kaza da kifi, ka tabbatar sun nuna har ciki, ka yanka wurin da ya fi kauri ka duba, saboda wuraren nan da zafi ba ya kaiwa. Naman da ka narkar da ƙanƙararsa a ciki, dafa shi nan take. Ruwan shayi a kofi mai santsi yana iya wuce zafin tafasa ba tare da ya nuna alama ba, kana jefa sukari ko ganyen shayi sai ya yi tsalle ya watso maka a hannu, don haka kada ka wuce minti biyu, ka kuma jira kaɗan kafin ka ɗauka. Madarar jariri kada a ɗumama a ciki, kwalbar za ta yi ɗumi a hannu alhali wani sashen madarar zai ƙona bakin yaro. Dafaffen ƙwai ko an ɓare shi yana iya fashewa, yanka shi biyu tukuna. Kada ka kunna ta babu komai a ciki. In ƙofar ta lanƙwashe ko ba ta rufuwa daidai, daina amfani da ita. Sannan samari masu son kwance-kwance, kada ku buɗe bayanta. Akwai wani abu a ciki da ke riƙe wuta mai kisa ko an zare ta daga soket. A kai wa mai gyara.

MAGANAR WUTA DA KUƊI

Na san tambayar da ke bakinku: ina wutar take, kuma nawa za ta ci?

Mu yi lissafi. Maikirowef mai wat 700 ko 800 tana jan kusan wat 1,200 daga soket, don ba duk wutar da ta ja ke zama zafi ba. In ta yi aiki minti biyar, ta ci kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗaya. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit. Ko da wannan farashin muka yi lissafi, minti biyar bai kai naira 25 ba. Dankali da ƙwan da na faɗa muku, wutarsu ba ta kai naira 50 ba. Kwatanta da abin da kake miƙawa a waje kowace safiya. Tana jan wuta da ƙarfi, amma na ɗan lokaci ne, shi ya sa ba ta cinye kati kamar hita ko murhun lantarki da ake bari awa guda a kunne.

Amma wannan jan da take yi yana da sharaɗi. Ƙaramin janaretan nan na kallo da cajin waya, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke ta ba. Ƙaramar inbata ta sola ma haka. In wuta ta zo da rauni, za ka ji tana ƙugi amma abinci ba ya zafi, gara ka kashe. Kuma ka sa ta a soket na bango kai tsaye, ba a kan siririyar wayar ƙari mai arha ba.

Saboda haka ba na cewa kowa ya je ya ci bashi ya sayo maikirowef. In unguwarku sai a yi kwana uku ba a ga wuta ba, ƙaramin gas ya fi maka amfani nesa ba kusa ba. Maganata da wanda yake da ita ne ya mayar da ita kayan ado, ko tana wurin aikinsa, ko 'yan ɗaki huɗu da za su iya haɗa kuɗi su sayi ta hannu. In ma ba ka da ita, rabin abin da na faɗa yau, kwaɗo, kuskus, alale da garin wake, dafa daidai ciki, ƙa'idar awa biyu, duk suna aiki a kan kowane murhu.

KAFIN MU RABU

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda farashin abinci ya koma. Matashin da bai iya dafa wa kansa komai ba, kullum aljihunsa a hannun wani yake. Mu maza musamman, an raine mu a kan cewa kicin ba wurinmu ba ne, sai ga shi makaranta da bautar ƙasa da neman abinci sun kai mu garuruwan da babu Umma, babu Yaya, babu ƙanwar da za a aika. Ba abin kunya ba ne ka iya ciyar da kanka. Abin kunyar shi ne wanda na yi, canza hanya saboda bashin shayi.

Da na gama bautar ƙasa na dawo gida, na yi wa Umma alalen kofi. Ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta sake ɗiba, sannan ta ce, "Gishiri ya ɗan yi kaɗan." Wanda ya san iyayenmu mata ya san wannan yabo ne. Mai shayi kuwa, na biya shi kuɗinsa tas kafin in taho, muka rabu da addu'a.

Aikin wannan makon: zaɓi ɗaya cikin biyar ɗin nan ka gwada. In ya ɓaci, sake. In ya yi, koya wa abokin ɗakinka. Wanda kuma yake da nasa salon da ban ambata ba, ya turo mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.

Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.